Madubin Farko na Yaro

Ta yaya yaro yake sanin darajar kansa? Ba a haife shi da wannan sani ba. A 1902 wani masanin zaman jama'a na Amurka, Charles Cooley, ya kwatanta mutanen da ke kewaye da mu da madubi: mukan duba fuskokinsu, mu ɗauka ga yadda suke ganinmu, daga nan mu ji daɗin kanmu ko mu ji kunya.

Mu dubi gidajenmu a Sabon Gari, Keffi. Ɗan Eggon ko Mada ko Gbagyi yana jin yaren iyayensa a gida, Hausa a kasuwa, Turanci a makaranta. Ranar da abokai suka yi wa sunansa dariya, madubi ya gaya masa cewa abin da ya fito da shi daga gida ba shi da kima. Sai mu ga ya daina amsa wa kakarsa da yare. Mukan ce taurin kai ne, alhali kuwa kunya ce.

Amma madubin da ya fi dubawa fuskarmu ce, mu iyaye. In muka rage murya sa'ad da muke yare a gaban baƙo, ya gani. In kullum "wawa" muke kiransa, wata rana zai amsa.