Yaƙin Blu-ray da HD DVD: Rigimar da Anka, Gummi da Bukkuyum suka tsallake

Ka taɓa riƙe faifan Blu-ray da hannunka? Ke fa 'yar'uwa, kin taɓa ganin na'urar HD DVD a ɗakin wata amarya a Gummi ko Bukkuyum? Da wuya. Mafi yawanmu mun tashi mun tarar da kaset ɗin bidiyo yana bankwana, muka yi zamani da faifan CD da DVD, sai kawai muka farka muka ga fim ya koma cikin memori da waya. A tsakanin DVD da memorin nan akwai wani mataki da manyan kamfanonin duniya suka kashe maƙudan kuɗi a kansa, suka yi kusan shekara biyu suna dambe, amma mu ko ƙurarsa ba ta iso mana ba. Labarin ya cancanci ka san shi, domin irin tarkon da aka ɗana wa masu saye a lokacin shi ake ɗana maka yau a shagon waya.

Yadda rigimar ta faro

Faifan DVD na ɗaukar gigabait 4.7. Ya ishi fim guda a hoto mai kyau daidai gwargwado, amma da aka fara ƙera manyan talabijin shafaffu masu nuna hoto tar, sai ya zama DVD ya yi kaɗan. Injiniyoyi suka samo mafita: maimakon jan hasken leza da ke karanta DVD, a yi amfani da shuɗi, wanda ya fi siriri, don haka ana iya cusa bayanai da yawa a faifai mai girma ɗaya.

Matsalar ita ce kamfanonin sun kasa haɗa kai a kan tsari guda. Toshiba ta fito da HD DVD mai gigabait 15, Microsoft da Intel suka mara mata baya. Sony da abokanta irin su Panasonic da Samsung suka fito da Blu-ray mai gigabait 25. Duka biyun suka shiga kasuwa a 2006. Faifan wannan ba ya yi a na'urar wancan. Su ma kamfanonin fim na Amurka suka rabu: Disney da Fox da Sony Pictures suna Blu-ray, Universal tana HD DVD, a watan Agustan 2007 kuma Paramount ta bi ta. Ma'ana in ka sayi na'ura ɗaya, rabin finafinan da kake so suna ɗaya ɓangaren.

To me mutanen Amurka da Turai suka yi? Yawancinsu naɗe hannu suka yi, suka ci gaba da kallon DVD ɗinsu. Manya daga cikinsu ba su manta da abin da ya faru a baya ba, lokacin da Betamax na Sony da ya fito a 1975 ya kara da VHS na JVC da ya fito a 1976. Waɗanda suka sayi Betamax suka wayi gari shagunan haya sun cika da kaset ɗin VHS, nasu injin ya zama kayan ado. Wanda maciji ya taɓa sara, ko igiya ya gani sai ya yi tsalle.

Ƙarshen damben ya zo da sauri. Sony ta saka Blu-ray a cikin PlayStation 3, saboda haka duk wanda ya sayi na'urar gem ɗin ya mallaki abin kallon faifan ko bai yi niyya ba. Ranar 4 ga Janairun 2008 Warner Bros, wadda a da take fitar da finafinanta a duka biyun, ta ce ta koma Blu-ray kaɗai. Manyan shaguna irin su Walmart suka bi sahu. Ranar 19 ga Fabrairun 2008 Toshiba ta sanar da cewa ta haƙura. Duk wanda ya yi gaggawar sayen HD DVD, kuɗinsa ya bi ruwa.

Mu a lokacin me muke kallo?

Mu dawo gida. A shekarun da ake wancan dambe, kasuwar fim ɗin Hausa tana Ƙofar Wambai da Bata a Kano. Daga can dillalai ke ɗauko kaya, su biyo ta Gusau ko ta Sakkwato, har faifai ya iso teburin mai kaset a Anka, Daki Takwas, Nasarawar Burkullu da Gummi. Harkar ta faro ne a kan kaset ɗin VHS tun fim ɗin Turmin Danya na 1990, kuma a kaset ɗin ne finafinai irin su Sangaya da Wasila suka zagaye Arewa. Daga baya aka koma faifan VCD, wanda mu dai CD muke ce masa.

A ma'aunin injiniya, VCD ba abin alfahari ba ne. Hotonsa bai kai na DVD ba ko kusa, kuma ba ya ɗaukar fiye da minti 80. Amma yana da arha, injinsa ɗan China ma yana da arha, kuma yana yi da talabijin mai ƙeya da ke kan kabad ɗin kowane gida. Da DVD ya shigo mana ma, abin da ya ja mutane shi ne yawa: faifai ɗaya a cusa masa finafinan Indiya ko na Amurka goma ko ashirin, hoton duk ya dushe, amma mai saye ya ga ya ci riba.

Yanzu ɗauki alƙalami ka yi lissafi. Na'urar HD DVD ta farko da Toshiba ta sayar a Amurka dala 499 ce. Ta Blu-ray ta farko da Samsung ta fitar ta kai kusan dala 1,000. A 2006 dala ɗaya tana wajen naira 128, kuma mafi ƙarancin albashi a dokar ƙasa naira 5,500 ne. Wato ƙaramin ma'aikaci a sakatariyar Bukkuyum zai tara albashin kusan shekara biyu, bai ci ba bai sha ba, kafin ya sayi injin Blu-ray. Ko ya saya, sai ya nemi filasma mai nuna hoton HD, don a talabijin mai ƙeya ba za a ga bambancin kirki ba. Ko ya samu filasmar, ina wutar? Ko ya tayar da janareta, wane fim zai saka? Masana'antar Kannywood ba ta taɓa mayar da kasuwarta kan Blu-ray ba. Babu Ibro, babu Ali Nuhu, babu wa'azi, babu karatun malamai. Na'ura ce mai tsada da ba ta jin Hausa.

Ka ga kenan iyayenmu da suka ƙi waiwayar ta ba ƙauyanci suka yi ba. Tambayoyin da ɗan Amurka ya yi wa kansa a shago su ne suka yi, sai dai nasu amsar ta fi fitowa fili.

Wanda ya ci dambe ma bai daɗe da kambun ba

Abin mamakin shi ne, yayin da Sony da Toshiba ke shaƙe da wuyan juna, wani ɗan dambe na uku yana ɗaura hannu a gefe. An kafa YouTube a 2005. Netflix, wadda a da aikinta aika wa mutane DVD ta gidan waya, ta fara nuna fim ta intanet a 2007. Blu-ray ya yi nasara, amma bai taɓa mamaye gidaje kamar yadda DVD ya yi ba. A 2019 Samsung ta daina fitar da sababbin injinan Blu-ray a kasuwar Amurka. A 2023 Netflix ta rufe harkar aika faifai gaba ɗaya.

Mu ma namu ɗan damben na uku ya zo, amma da irin tasa kamar. Waya 'yar China mai ɗaukar memori ta shigo, sai masu turi suka kafa tebur: kwamfuta ɗaya, ɗan sola ko ƙaramin janareta, da benci. Ka miƙa memori, a zuba maka fassarar Algaita, waƙoƙi, wa'azi, wasan kokawa, ka biya 'yan canji ka tafi. Gobe abokinka ya karɓa a wurinka ta Bluetooth ko Xender. Faifai yana karcewa, yana tsayawa ana tsaka da kallo, yana buƙatar wuta da talabijin. Memori kuwa yana aljihu, ana kallo a gona, a bakin kasuwa, a cikin mota.

Wannan sauyi ya ci mutane, gaskiya. 'Yan kasuwar faifai da dama sun karye, furodusoshi suka rasa inda za su mayar da kuɗinsu, tun da fim ɗaya da aka saya sai ya zagaye gari a kwana biyu. Shi ya sa harkar ta juya zuwa finafinai masu dogon zango. Tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ta zo da Daɗin Kowa, daga baya aka samu Labarina da Izzar So, aka koma jiran sabon kashi duk mako a talabijin ko YouTube. Ko a nan ma ka lura: mai kallo a Anka yakan rage ingancin hoton zuwa 360 ko 240 don kada data ta ƙare. An ɗauki fim da kyamara mai tsada, amma a hoto irin na VCD muke kallonsa, kuma ba mu fasa jin daɗinsa ba. Labari muke bi, hoton ya zo daga baya.

Lokacin da aka ɗauke sabis

Akwai darasin da 'yan Zamfara suka koya wanda ba a koyar da shi a aji. A farkon watan Satumban 2021 hukumar sadarwa ta NCC ta umarci kamfanonin waya su rufe sabis a faɗin jihar, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, saboda yaƙi da 'yan bindiga. Da farko an ce mako biyu, amma ƙananan hukumomin da ke wajen Gusau sun shafe fiye da wata biyu babu kira babu intanet. Ka tuna yadda aka yi? YouTube ya mutu, WhatsApp ya mutu, Facebook ya mutu. Duk abin da ka ajiye a intanet ya zama kamar hatsi a rumbun da makullinsa ke hannun wani. Abin da ya rage maka shi ne abin da ke cikin memorinka, da faifan da ke cikin durowa, da rediyo.

Wannan ne gefen da masu tallar sabuwar fasaha ba sa faɗa maka. Kallo ta intanet haya ce: kana da shi muddin akwai sabis, akwai data, kuma mai tashar bai goge ba. A farkon 2025 NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100, wato kuɗin hayar ma ya tashi.

Sai dai shi ma abin hannu ba ya dawwama. Kaset ɗin bikin iyayenka, in yana nan, wane inji za ka saka shi? Faifan walimar saukar yayarka fa? Tsofaffin finafinan Hausa da yawa yanzu sai dai ka ga dusasshen kwafinsu a intanet, wasu ma ba a ganin su sam. Ambaliyar da ta afka wa Gummi a watan Agustan 2024 ta nuna yadda abin da aka adana shekara da shekaru a ɗaki ke tafiya a dare ɗaya. Hoto ko bidiyon da ba za ka iya sake samu ba, ajiye shi a wuri biyu: ɗaya a hannu, ɗaya a intanet. Wanda ke kan kaset ko faifai kuma, kai wa mai kwamfuta ya juye maka tun akwai injin da zai karanta shi.

Kafin ka zaro kuɗinka

Damben tsari bai ƙare ba, sunan 'yan damben ne ya canza. Kamfanin Apple ya shafe fiye da shekara goma yana amfani da bakin cajarsa na daban, sai da Tarayyar Turai ta yi doka sannan iPhone 15 ta koma USB-C a 2023, tsofaffin wayoyin caji suka zama tarkace. MTN ta fara 5G a Najeriya a 2022, a manyan birane. Amma mai shago zai iya ƙara maka dubban nairori a kan waya saboda tambarin 5G, alhali a unguwarku sai ka hau tudu kake samun sanda biyu. Haka dikodar da sai ka biya duk wata, haka manhajar kallon fim da ke neman data mai yawa, haka filasmar da aka rubuta wa 4K a gidan da wuta ke yin kwanaki ba ta leƙo ba.

Don haka idan sabon abu ya fito ana ta yayata shi a TikTok, yi wa kanka tambayoyin da masu hankali suka yi a 2006. Shin zai yi aiki da abin da nake da shi, da irin wutar da sabis ɗin garinmu? Akwai abin da nake son kallo ko yi a kansa, ko kuwa sunan kawai zan saya? In kamfanin ya fasa gobe kamar yadda Toshiba ta yi, me zai rage a hannuna? In ya lalace, akwai mai gyaransa a Gummi ko Anka, ko sai an kai shi Farm Centre a Kano?

In amsar ba ta gamsar da kai ba, jira. Farashi zai sauko, wanda zai faɗi zai faɗi, kuma ba da kuɗinka za a gwada ba. Abokai za su iya ce maka ɗan ƙauye na wata shida, amma ba za su biya maka asarar ba. Wanda ya sayi HD DVD a makon da ya fito shi ne ɗan gayun unguwarsu a 2006. Shekara biyu bayan nan, kamfanin da ya ƙera masa injin ya daina yin sa.