Me Ake Zuba wa Kare a Ƙasar Gobir?

Yau shirin zai leƙa Gatawa ne, cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni, da ƙauyukan da ke tsakaninta da Isa, don a ga abin da ake zuba wa kare.

Kare a wannan yanki ma'aikaci ne. Da rani yana bin mafarauci daji, yana bin makiyayi kiwo, da dare kuwa shi ke fara jin motsi kafin maigida ya farka. A shekarun nan na rashin tsaro, haushinsa ma kasa masa kunne ake yi. To ladansa fa? Ƙanzon tukunya, da guntun tuwon jiya, sai in an sha fura a ɗauraye ƙwarya a zuba masa.

Mai jin haka zai ce an zalunci dabbar da aka sani da cin nama. Sai dai a 2013 masana a Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin sun wallafa wani bincike a mujallar Nature, inda suka kwatanta kare da kyarkeci. Ƙwayar halittar da ke taimakawa wajen narkar da hatsi, kyarkeci biyu gare shi, kare kuwa daga 4 har zuwa 30. Daɗewar zama da manomi ta sa cikinsa ya saba da tuwo. Buzayen Azawak ma da gero da nono suke riƙe dogayen karnukan nan nasu masu gudun tsiya.

Shi abincin kare na kanti kuwa, labarin farkonsa abin dariya ne. Wajen 1860 wani Ba'amurke, James Spratt, ya sauka Ingila yana tallar ƙarfen da ake kafawa a kan gini don kariya daga tsawa. Ana ba da labarin cewa a bakin tashar jiragen ruwa ya tarar da karnuka suna rububin busasshen biskit ɗin da matuƙa suka zubar. Sai ya bar maganar tsawa, ya haɗa alkama da kayan lambu da nama ya gasa, ya riƙa sayar wa attajiran Turawa masu karnukan farauta. Wato dai ƙanzo ne aka sa wa kwali da farashi!

Saboda haka tuwo ba laifi. Laifin yana cikin miya.

Albasa, jama'a, albasar nan da Sakkwato ke tinƙaho da ita daga Goronyo har Wurno, tana fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, ɗanya ce ko dafaffa. Tafarnuwa ma haka. Ba a ranar take nuna kanta ba. Sai bayan 'yan kwanaki a ga kare ya yi laushi, dasashinsa ya yi fari, fitsarinsa ya yi ja, yana haki a inuwa. Maigida ya ce ai an sa masa guba, a fara hararar maƙwabta, alhali daga murhun gidan abin ya fito. A cire masa nasa tuwon kafin a zuba miya, a haɗa da ɗan nono, ko wake dafaffe, ko ƙwai, ko kan kifi da aka dafa ya yi lugub. Karyar da ke shayarwa da 'yan kwikwiyo sun fi kowa buƙatar wannan ƙari.

Laifi na biyu ya fi albasa haɗari, don ya shafi mutane. Ranar kasuwa mahauci ya feɗe tunkiya ko raƙumi, ya ga hanta ko huhu da ƙululu cike da ruwa, ya yanke wurin ya jefa wa karnukan da ke zagaye mayanka. Cikin ƙululun nan akwai 'ya'yan wata tsutsa. Ta girma a hanjin kare, ƙwanta ya fita ta kashinsa, yaro ya yi wasa da ƙasa ya ci abinci bai wanke hannu ba. Shekaru su ja, irin ƙululun ya tsiro a hantar yaron, wani lokaci sai an yi tiyata. Irin wannan naman binne shi ake yi ko a ƙone. Lafiyayyen kayan ciki ma, a dafa kafin a ba kare.

Lokaci na neman ƙure mana, sauran a taƙaice. Kada a ba shi goro ko cakulan. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya soki hanji. Hatsin da ya yi fumfuna a rumbu yana lalata hanta, ba don ba ya ciwuwa ga mutum ba ne za a tura wa kare. A ajiye masa ruwa a inuwa, musamman a bazara.

Wanda karensa ya daina cin abinci ko ya canja hali, ya nemi malamin dabbobi mafi kusa. A Sakkwato akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. In an je, a tambayi maganin tsutsar ciki da allurar rigakafin haukan kare.