Hutun damina: a bar wa yaro lokacin koyon Japananci

Daga Yuli zuwa Satumba lakwal a rufe take. A Maraɗi da Tibiri da Jiratawa, matasa da yawa na cinye hutun nan wajen talla ko noma. Amma duk ɗan kasuwar da ya fita waje sarin kaya ya san yadda tafinta ke lashe riba. Motocin Toyota da suka cika tashoshinmu na kamfanin Japan ne. Mai jin harshen masu kaya shi ke ciniki da bakinsa.

Japananci na da rubutu iri uku: hiragana mai baƙaƙe 46, katakana ma 46, sai kanji sama da 2.000. Biyun farko yaro mai himma na iya haddace su cikin hutu guda, ko ta wayar salula. Iyaye mata, ku ware masa awa ɗaya kullum. Wannan ma jari ne.