Eriyar Yagi: Me Takardar Mallakar Ƙirƙira Take Karewa?

Yau shirin namu zai ɗaga kai ne ya dubi saman rufi, inda eriyar nan mai kama da ƙashin kifi take kafe a kan doguwar sanda. Mu dai mun fi saninta da kamo tashar talabijin. Amma masu rediyon sha'awa, wato mutanen da ke karɓar lasisi su kafa na'ura a gida suna gaisawa da takwarorinsu na wata nahiya, sun daɗe da riƙe ta hannu bibbiyu.

A birnin Sendai na ƙasar Japan aka ƙirƙiro ta a 1926, a Jami'ar Tohoku. Shintaro Uda ne ya yi mafi yawan aikin, malaminsa Hidetsugu Yagi yana duba shi. A tsarin eriyar, sandar ƙarfe ɗaya ce kawai ake haɗa wa waya. A bayanta akwai wata da ta ɗan fi ta tsawo, tana maido da sigina gaba, a gabanta kuma gajeru sun jeru suna tattara shi zuwa fuska guda.

Da aka je neman takardar mallakar ƙirƙirar, sunan Yagi kaɗai aka sa. A gaskiya ba a kyauta wa Uda ba, kodayake masana a yau suna kiranta Yagi-Uda.

To, me irin wannan takarda take karewa? Ba ta ba mutum mallakar iska, ba ta ba shi mallakar duk wata eriya. A ƙarshen takardar akwai jerin iƙirari masu lamba, inda mai ƙirƙira yake fayyace sabon abin da ya kawo: sanduna ne, yaya aka jera su, ta wace dabara. Iyakar gonarsa ke nan, kuma nan alƙali yake dubawa idan rigima ta tashi. Kamfanin SteppIR na Amurka, alal misali, ya samu kariya ne a kan dabarar sa ƙaramin inji yana tsawaita ko gajarta ƙarfen da ke cikin bututu, ba a kan tsarin Yagi kansa ba.

Kariyar kuma tana tsayawa a bakin iyakar ƙasar da ta bayar, shi ya sa aka nema wa eriyar Yagi wata daban a Amurka, ta fito a 1932. A yau yawanci shekara 20 ce daga ranar da aka shigar da buƙata, bisa sharaɗin a bayyana wa duniya yadda abin yake aiki.

Dokoki sun bambanta kan mai ƙerawa don amfanin kansa: Ingila ta yi masa sassauci muddin ba ciniki zai yi ba, Amurka ba ta yi hakan ba. Ita dai takardar Yagi wa'adinta ya ƙare tun da daɗewa, don haka duk mai bututun alminiyom da zarto yana iya haɗa tasa a tsakar gida, har ya sayar.