Hayaƙi Da Tarin Fuka

Jama'a, tarin fuka, wanda ake ce wa tibi, ƙwayar cuta ke kawo shi. Wani likita Bajamushe, Robert Koch, shi ya gano ta a birnin Balin cikin 1882. Idan mai ciwon ya yi tari, sai ƙwayar ta bi iska, na kusa da shi ya shaƙa. Masana sun ƙiyasta kusan rubu'in mutanen duniya sun taɓa kamuwa da ita, amma ga mafi yawansu tana kwance, ba ta tashi sai jiki ya raunana.

To, a nan hayaƙi ya shigo. Shi da kansa ba ya haifar da ciwon, amma yana share masa hanya. A cikin hanyoyin numfashi akwai wasu 'yan gasu ƙanana masu share datti, a cikin huhu kuma akwai dakarun jiki masu haɗiye ƙwayoyin cuta. Hayaƙin itace da na gawayi, da na kashin shanu, da na kananzir, da na taba, duk suna ɗauke da ƙura mai laushi ƙwarai, wadda ke kutsawa can cikin huhu ta kashe ƙarfin waɗannan masu gadi. Haka kuma ƙurar dutse: masu haƙar zinariya a Afirka ta Kudu sun daɗe suna fama da tarin fuka sabo da ita.

Waɗanda abin ya fi shafa su ne mata masu wuni a gaban murhu da goyo a baya, da almajirai masu karatun dare a gindin wuta, sa'an nan su kwana cunkushe a zaure marar taga, musamman da hunturu, lokacin da ake toshe kowace kafa.

Sabo da haka, a fid da murhu fili, ko a huda wa madafa taga. A busar da itace kafin a hura shi. A nisantar da janareta daga ɗakin kwana.

Wanda kuwa tarinsa ya kai mako 2, da rama, da gumin dare, a hanzarta kai shi asibiti a gwada kakinsa. A Nijeriya magani kyauta ne a asibitocin gwamnati, ana shansa wata 6 ba fashi. Wanda ya yanke sha don ya ji sauƙi, ciwon na iya dawowa da taurin kai, ya kuma shafi iyalinsa.

Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.