JITA: BABBA KO ƘARAMA, WACCE YA KAMATA A SAYA?

Tun da aka koma makaranta bana iyaye da dama suka tare mu da tambaya iri ɗaya. Yaro ya matsa lamba sai an saya masa jita, uba ya shiga kanti a Adum ko ya bi 'yan gwanjo a Kejetia, ya tarar da su rataye a jere, wata ƙatuwa mai faɗin ƙugu, wata 'yar madaidaiciya. To wacce za a ɗauka? Ba za mu shiga batun ko ya dace yaro ya koyi kiɗa ba, wannan magana ce ta kowane maigida da iyalinsa. Abin da ya dame mu shi ne wanda ya riga ya yanke shawarar saye kada ya zubar da kuɗinsa a banza, domin kuwa jita ba ta araha a ƙasar nan tamu ta Gana.

Bari mu fara da namu kuskuren. A 'yan shekarun baya ƙungiyar iyaye da malamai ta wata makaranta da muke koyarwa ta tara kuɗi don a saya wa yara kayan kiɗa, aka kuwa danƙa mana sayayyar. Muka je muka zaɓo jita uku mafiya girma, a tunaninmu babba ita ce mai daraja, ita ce kuma za ta nuna wa iyaye inda kuɗinsu ya shiga. Yaran nan 'yan shekara 11 zuwa 13 ne. In yaro ya ɗora ta a cinya sai ka ga haɓarsa kawai, kafaɗar dama ta ɗage sama, hannu na neman tsirkiya da ƙyar. Kafin zangon karatu ya ƙare yawancinsu sun daina zuwa, muna ta zarginsu da lalaci, alhali laifin namu ne.

ASALIN BABBAR JITA

Jitar da aka sani a Turai da Amurka a ƙarni na 19 ƙarama ce. Har ana kiran wani nau'inta jitar falo, saboda a cikin ɗaki ake kaɗa ta, ga iyali da baƙi. A wancan zamani babu amsa-kuwwa, saboda haka da makaɗa suka fara hawa dandamali tare da masu goge da masu banjo, sai ya zama ba a jin muryar jita ko kaɗan. Maganin da masassaƙa suka samo shi ne su ƙara mata ciki.

Kamfanin Martin na Amurka, wanda aka kafa a 1833, shi ne ya ƙera wata mai faɗin ƙugu da zurfin ciki a 1916, ya yi wa wani kamfanin sayar da kayan kiɗa mai suna Ditson. A 1931 ya fara fitar da ita da sunansa. Aka laƙaba mata Dreadnought, sunan wani gagarumin jirgin ruwan yaƙi na Ingila da aka ƙaddamar a 1906. A ƙarshen shekarun 1930 kamfanin Gibson shi ma ya fito da tasa, J-200, wadda ta ma fi wannan faɗi. Daga nan kamfanoni irin su Yamaha na Japan suka ɗauki fasalin Dreadnought, shi ya sa a yau in ka shiga kanti ita ce ta fi yawa, har mutane na zaton ita ce ainihin jita, sauran kuwa kayan wasan yara ne.

Ga awon, don mai karatu ya gane tazarar. Wurin da ya fi faɗi a jikin Dreadnought ya kai santimita 40, zurfin cikinta kamar santimita 12. J-200 ta kai santimita 43. Ƙaramar Martin da ake kira lamba 0 kuwa faɗinta kamar santimita 34 ne. A tsakani akwai matsakaiciya, lamba 000, mai santimita 38, wadda ƙugunta ya tsuke, cikinta kuma bai kai na Dreadnought zurfi ba. A takarda bambancin kaɗan ne, amma wanda ya rungumi jita awa guda ya san ba kaɗan ba ne.

YADDA GIRMA KE CANZA MURYA

Tsirkiya ita kaɗai ba ta da wata murya. In an kaɗa ta, motsinta na bi ta kan jaki, wato ɗan katakon da take hawa, ya girgiza allon fuska, allon kuma ya girgiza iskar da ke cikin akwatin. In allon na da faɗi, iskar ciki na da yawa, sai murya ta yi kauri da amo. In akwatin ƙarami ne, sai kaurin ya ragu, amma kowace tsirkiya ta fito da muryarta tar, ba ta nutse cikin ta 'yar'uwarta ba.

Wannan ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu. Duk wanda ya taɓa jin komo, babbar garaya mai ƙatuwar ƙwarya, ya kuma ji kuntigi, ya san abin da muke nufi. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da ɗan kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zagaya duniya, ba wanda ya ce kayan kiɗansa sun yi masa kaɗan. Hausawa dai sun ce ƙaramin goro ya fi babban dutse.

Akwai wani abu kuma da masu kanti ba su cika faɗa ba. Babban allo sai an buge shi da ƙarfi yake tashi. Mai kaɗawa da 'yar roba, yana share tsirkiya shida gaba ɗaya, shi ne ke cin moriyar babbar jita. Mai tsinka da yatsu a hankali kuwa, ƙaramin allo ya fi saurin amsa masa. Amma in aka matsa wa ƙaramar da bugu mai ƙarfi, muryarta kan shaƙe, ba ta ƙara komai.

A nan ne ya kamata mu dubi irin kiɗan ƙasarmu. Salon jita da ya kafu a gaɓar teku, wanda ake dangantawa da matuƙan jirgin ruwa 'yan ƙabilar Kru na Laberiya, da babban yatsa da manuniya ake yin sa. Da shi ne Kwame Asare da ƙungiyarsa ta Kumasi Trio suka ɗauki waƙar Yaa Amponsah a faifai a Landan a 1928, kuma a kansa ne Agya Koo Nimo ya yi suna da jitarsa mai tsirkiyar roba. Yaron da ke son wannan salo ba ya bukatar jirgin yaƙi a cinyarsa.

WA YA DACE DA WACCE?

Babba ta dace da baligi mai tsawon hannu wanda zai raka taron mawaƙa a fili ko a zauren makaranta ba tare da lasifika ba. A irin wannan wuri ƙarama ba za ta kai bayan aji ba, gaskiya ke nan.

Ƙarama ko matsakaiciya ta dace da mai koyo, da yaro, da duk mai ƙaramin jiki, da mai kaɗawa da yatsu. Ta kuma dace da irin zamanmu na zango, inda gida ɗaya ke da ɗakuna goma, maƙwabci kuma na jin tarinka. Haka nan mai yawan tafiya a motar haya zai gode wa Allah da ya ɗauki ƙarama. Kuma tun da yanzu akan sa wa jita 'yar na'urar da ke kai sautinta ga amsa-kuwwa, dalilin da ya sa aka ƙara mata ciki tun farko ya ragu ƙwarai. Mawaƙin Ingila Ed Sheeran da 'yar ƙaramar Martin ya fara cika manyan filaye.

Ga yaro ɗan ƙasa da shekara 12, a nemi wadda ake kira kashi uku cikin huɗu, mai gajeren wuya, domin yatsunsa su kai. A kuma lura da tsirkiya. Na ƙarfe guda shida in an ɗaure su suna jan allo da nauyin da ya kai kilo 70, na roba kuwa kamar kilo 40, shi ya sa na roba suka fi sauƙi ga ɗanyen yatsa. Kada a kuskura a ɗaura na ƙarfe a jitar da aka yi don na roba, jaki zai ɓalle, wuya ya lanƙwashe.

KAFIN A BIYA KUƊI

A tafi da wanda zai yi amfani da ita. Ya zauna a kujera, ya ɗora ta a cinya, ya yi minti goma a haka. In kafaɗarsa ta dama ta ɗage, ko ya riƙa leƙe kafin ya ga yatsunsa, to ta yi masa girma, ko da mai kanti ya rantse cewa zai girma ya same ta. Jita ba rigar sallah ba ce da za a ɗinka da ragowa. Yaron da ya sha wuya wata uku ba zai jira ya girma ba, ajiye ta zai yi.

In ta gwanjo ce, a duba wuya ko ya miƙe, a duba ko jaki ya fara ɗagowa, a duba ko tsirkiya ta yi nisa da wuya. 'Yan'uwanmu na Tamale da Wa da Bawku kuma su tuna da hunturu. Katakon jita na son laimar iska kamar kashi 45 zuwa 55 cikin 100, iskar hunturu kuwa tana busar da shi ya tsuke har ya tsage. Wadda aka yi fuskarta da falle-fallen katako da aka manne ta fi jure wannan a kan mai gundarin katako, ga shi kuma ta fi araha. Kowacce ce dai, a riƙa ajiye ta cikin jakarta, nesa da rana da murhu.

Mu dai daga baya mun musanya biyu daga cikin manyan nan da ƙanana, muka bar ɗaya don ranar taro. Wasu daga cikin yaran da suka gudu sun dawo, wasu kuwa har suka gama makarantar ba su sake taɓa jita ba. Allah Ya sa wani ya yi hankali da kuskurenmu, amin.