Ɓera Namiji da Ɓera Mace: Shin Ƙwaƙwalwarsu Ɗaya Ce?

Wannan makon mun ɗauko zancen ɓera. Ba wanda ke yi mana ɓarna a ɗakin ajiya ba, wanda masana ke kiwo a ɗakin bincike don su gane yadda ƙwaƙwalwa ke aiki.

Ƙwaƙwalwar ɓera ba ta kai rabin giram ba, amma tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kusan miliyan 70. Tamu ta mutane tana da wajen biliyan 86. Ƙwayoyin nan suna aika wa juna saƙo, sai dai akwai 'yar tazara tsakaninsu, wadda za mu kira mahaɗa. Idan saƙo ya zo ƙarshen ƙwaya ɗaya, sai ta saki wani sinadari ya tsallaka, ta gaba ta karɓa.

Abin da ya fi burge mu shi ne, mahaɗar nan tana ƙara ƙarfi idan ana yawan aiki da ita. Kamar hanyar ƙafa ce a cikin gona, da yawan bi take fitowa sosai. Wani masani ɗan ƙasar Norwe mai suna Terje Lømo ne ya fara lura da haka a 1966, a ƙwaƙwalwar zomo, a wani sashe da ake kira hifokamfus, wanda ke taimakawa wajen tuna abubuwa. Masana suna ganin ta irin wannan hanya ce hadda ke zama a kai.

To, ina mata a cikin labarin? An daɗe ana barin su a baya. Wani nazari na 2011 ya nuna cewa a binciken ƙwaƙwalwa, gwajin da aka yi da dabbobi maza kaɗai ya ninka na mata kaɗai fiye da sau biyar. Hujjar masana ita ce, sinadarin istirojin yana hawa da sauka a jikin macen ɓera duk kwana huɗu ko biyar, wai zai rikita musu lissafi. Mu dai hujjar ba ta gamsar da mu ba. Ai ba a ɗanɗana miyar tukunya ɗaya a yabi ta biyu.

Da aka fara sa mata a gwaji, sai bambanci ya bayyana. A 2018, masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine a Amurka suka toshe wurin da istirojin ke sauka a jikin ƙwayoyin hifokamfus. Mahaɗun mata suka kasa ƙara ƙarfi, na maza kuwa suka ci gaba da aikinsu. Dukansu suna koyo, amma kayan aikin da ƙwayoyinsu ke ɗauka ba iri ɗaya ba ne. Da muka karanta wannan a taron kulob, sai gardama ta kaure tsakanin maza da mata kan wa ya fi kai. Muka tuna musu cewa zancen ɓera ake yi, kuma ɓera bai taɓa zana jarrabawa da mu ba.

Na ciwo ya fi tayar mana da hankali. A 2015, Jeffrey Mogil da abokan aikinsa a Jami'ar McGill ta Kanada suka duba ɓerayen da jijiyarsu ta ji rauni. A cikin lakar baya akwai wasu ƙwayoyi masu gadi da ake kira maikurogiliya. Da aka hana su aiki, ciwon maza ya yi sauƙi, na mata bai motsa ba, domin su wasu ƙwayoyin garkuwar jiki ne daban ke riƙe da ciwon. Ku duba fa: da maza kaɗai aka gwada, da an ce an samo hanyar magani ga kowa.

A 2016, babbar hukumar binciken lafiya ta Amurka ta fara aiki da ƙa'idar da ta ce duk mai neman kuɗinta don irin wannan gwaji ya duba maza da mata, ko kuma ya kawo ƙwaƙƙwaran dalilin da zai sa ya bar ɗaya.